Na cire suga daga karin safe, maigida ya koma wurin mai shayi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu uku, kuma mahaifiyar maigidana tana zaune tare da mu. Wata biyu da suka wuce maigida ya je asibiti, aka gwada jininsa da safe kafin ya ci komai, aka samu 6.4. Likita ya ce bai kai ciwon suga ba tukuna amma yana bakin gaɓa, ya rage zaƙi, ya rage teɓa, ya dawo bayan wata uku. Shi kuwa mutum ne mai son zaƙi. Kullum da safe sai ya sha shayi kofi biyu, kowanne da suga cokali huɗu da madara, ga burodi, ranar Juma'a kuma waina da zuma. Babansa ciwon suga ne ajalinsa, shi ya sa hankalina ya tashi. Na ɗauke gwangwanin suga daga tire, na koma ba shi dafaffen ƙwai ɗaya da yankan kankana ko gwanda. Kwana kaɗan ya ci, daga nan ya fara cewa ya makara, ya fita ba karyawa. Daga baya na ji labarin wurin mai shayin bakin layi yake tsayawa kafin ya wuce kasuwar Kwari. Hajiya kuma ta kira ni ta ce ina horar da ɗanta da yunwa, wai kayan marmari ba abinci ba ne, sanyi suke sa wa da sassafe. Ta kuma hana ni ba yara ƙwai, wai yana koya musu sata. Da na yi wa maigida ƙorafi sai ya ce ni da Hajiya mu bar shi ya sarara. Anti, raina ya ɓaci, don lafiyarsa nake nema. Akwai abin karyawa mai ɗan zaƙi, marar nauyi, da zan iya haɗawa da ƙwai da 'ya'yan itatuwa wanda zai yarda ya ci? Kuma yaya zan yi da Hajiya?

Maman yara uku, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya jiƙan mahaifinsa, ke kuma ya saka miki da alheri. Ɓacin ranki yana kan hanya. Kin tashi da asuba kin dafa, kin yanka, kin jera, sannan ki ji a bakin wani cewa a benci ya zauna ya sha abin da kika hana shi. Wannan da ciwo, kuma ba zan ce miki ki share ba. Sai dai ki sani, a gidan nan ku uku abu ɗaya ke damunku. Ke kina tsoron kada ya bi sawun babansa. Hajiya, wadda ta yi jinyar mijinta har ta rufe masa ido, tana ganin ɗanta yana fita da ciki wayam, ita ma tsoro take ji. Shi kansa mai gayyar, da ya ce ku bar shi ya sarara, ina kyautata zaton maganar likitan tana ransa fiye da yadda yake nunawa. Namiji ba kasafai yake cewa ya tsorata ba, sai ya ce an dame shi.

Bari mu fara da lambar nan ta 6.4, don ki san girman abin da kike fuskanta. A gwajin jinin da ake yi kafin a karya, ana cewa mutum yana da ciwon suga idan sakamakon ya kai 7.0 ko ya haura, kuma aka maimaita aka sake samun hakan. Maigidanki yana ƙasa da nan, yana kuma sama da inda lafiyayye yake. A wannan matakin ne gyara ya fi yin tasiri. An yi wani babban bincike a Amurka, aka wallafa shi a 2002, a kan mutum sama da 3,000 masu irin wannan sakamako. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci, da motsa jiki na minti 150 a mako, da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara uku. Kin ga ke nan abin da kika sa a gaba ba wasa ba ne, kuma akwai riba a cikinsa. Game da shayin nasa ma kina da gaskiya. Cokalin shayi ɗaya na suga kusan giram 4 ne, cokali takwas ke nan giram 32 kafin ya sa takalmi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi, kuma ya fi kyau a tsaya wajen giram 25. Zuma ma a cikin lissafin take, duk da albarkar da ke cikinta.

To amma ƙanwata, a kan farantin da kika ajiye masa, zan ɗan tsaya a gefen Hajiya. Dafaffen ƙwai ɗaya da yankan kankana, idan aka haɗa su da kyar su kai kalori 150 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mutumin da zai wuni a Kwari yana ɗaga dila yana ciniki, kafin hantsi cikinsa ya fara kira. Ga shi abincin ba zafi, ba ƙamshi, ba ya kama da komai da ya saba gani a tire tun yana yaro. Rana ɗaya kika raba shi da zaƙi da ɗumi da ƙoshi gaba ɗaya. Ba raini ne ya kai shi wurin mai shayi ba, yunwa ce da sabo. Abin da za ki nema shi ne kari mai zafi, mai riƙe ciki har azahar, wanda zaƙinsa daga jikin ɗan itace ya fito, ba daga gwangwani ba. Ƙwai da 'ya'yan itatuwa za su iya yin wannan aikin, in an haɗa su a tukunya maimakon a jera su a faranti kowa da halinsa.

Dalilin da ya sa haɗin yake aiki shi ne, ƙwai kusan babu suga ko sitaci a cikinsa. Babba guda ɗaya yana ɗauke da sinadarin gina jiki kusan giram 6 da kalori 70 da 'yan kai, kuma yana daɗewa a ciki kafin ya narke. Ɗan itace kuma yana da zaƙi, amma zaƙin yana tare da tsoka da zare-zaren da ke rage saurin shigarsa jini. Idan aka ci su tare, mutum ya ji zaƙi a baki, ya ƙoshi, sugan jininsa bai yi tsalle irin na shayi da burodi ba.

Wanda nake so ki fara da shi shi ne wainar ayaba da ƙwai, don shi ya fi kama da abin da ya sani. Ki samu ayaba ɗaya nunanniya, wadda ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi. Irin wadda masu talla ke karya farashinta da yamma ita ce daidai, don ta fi zaƙi ta fi saurin damewa. Ki murƙushe ta da cokali mai yatsu har ta yi laushi, ki fasa ƙwai biyu a kai, ki sa ɗan gishiri a bakin yatsu da garin kirfa kamar rabin ƙaramin cokali. In kina da gyaɗar ƙamshi ki ɗan kankara kaɗan. Haka kawai ma za ta soyu, sai dai takan yi laushi ta ƙi juyuwa, don haka ki ƙara garin alkama cokalin cin abinci biyu, wanda aka niƙa da dusarsa, ba fulawa ba. Ki juya, ki bar ƙullin ya huta minti biyar. Sai ki ɗauko tandarki ta waina. Nan ne dabarar take. A kasko ma ana yi, amma a tanda za ta fito da siffar da ido ya saba da ita, kuma ba ta wargajewa wajen juyawa. Ki shafa mai da ɗan tsumma mai tsabta ko ki ɗiga kaɗan a kowane gurbi, ba zubawa irin ta wainar shinkafa ba. Wutar ta zama ƙasa-ƙasa, domin zaƙin ayaba saurin ƙonewa gare shi, waje ya yi baƙi ciki bai nuna ba. Idan gefen ya kama, saman ya daina sheƙi, ki juya, minti ɗaya ya isa. Ayaba ɗaya da ƙwai biyu da wannan garin sukan tashi kalori 300 da wani abu, da sinadarin gina jiki wajen giram 14, ninki biyu ke nan na abin da kike ba shi a da. Ki kai masa da zafinta, da ɗan yankan gwanda ko gwaiba a gefe, ki barbaɗa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa a kai. Ƙamshin kirfa yana sa a ji kamar abu ya fi zaƙi, shi ke nan aikinsa a nan. Za ki ji masu cewa kirfa tana warkar da ciwon suga, kada ki dogara da wannan.

Abu ɗaya: ki haɗa ƙullin da safen, kada ki kwana da shi. Dameriyar ayaba baƙi take yi, ɗanyen ƙwai kuma ba ya jure zafin Kano in ba wuta a firij. Duka aikin bai wuce kwata ɗaya na awa ba, kafin ruwan wankan yara ya tafasa kin gama.

Na biyu shi ne turararren ƙwai da madara, kuma wannan da Hajiya a raina nake faɗa miki, don ba ya buƙatar tauna. Ki kaɗa ƙwai biyu da madara kofi ɗaya, madarar gari da kika dama ko ta ruwa marar suga, ban da mai kaurin nan mai zaƙi, wadda kusan rabinta suga ne. Ki zaƙaƙa shi da rabin ayaba da kika murƙushe, ko dabino biyu da kika jiƙa kika cire ƙwallon kika dama. Ki sa gyaɗar ƙamshi ko ɗan garin citta. Ki zuba a gwangwanayen alale da kika shafa wa mai, ki jera a tukunya mai ɗan ruwa a ƙasa, ki rufe, ki turara a wuta kaɗan kamar minti goma sha biyu zuwa sha biyar. Idan kika soka wuƙa ta fito ba ruwa, ya yi. In wuta ta yi yawa zai yi huji-huji ya tsatso ruwa, ba lalacewa ya yi ba, kyan gani kawai ya rage. Ki juye a faranti ki zuba yankakken mangwaro ko gwanda a kai lokacin da za a ci. Na ce lokacin da za a ci saboda ɗanyar gwanda da abarba suna da wani sinadari da ke narkar da abin gina jikin da ke cikin madara, in suka jima tare sai abin ya tsinke ya yi ɗaci.

Ranar da ba kasuwa, in kina da sukuni, ga na kwalliya. Ki raba farin ƙwai biyu da gwaiduwarsu, ki buga farin a busasshen kwano marar maiƙo har ya yi kumfa ya tsaya da kansa. Ko ɗigon gwaiduwa ya faɗa ciki ba zai tashi ba, sai ki kula. Ki kaɗa gwaiduwar da kirfa, ki zuba a kumfar ki juya a hankali, ki juye a kasko mai ɗan mai, ki rufe, wuta kaɗan, minti huɗu ko biyar har tsakiyar ta nuna. Ki zuba ayaba ko mangwaro da kika ɗan ɗumama a gefe ɗaya, ki naɗe. Ƙwai biyu ne amma sai ya cika faranti, kuma ba ya nauyi a ciki. Ranar da kika makara kuwa, dafaffen ƙwan naki yana nan daram, sai dai ya zama biyu, ki haɗa masa da kindirmo kofi ɗaya marar suga da aka yanka ɗan itace a ciki aka watsa gyaɗa. Ki tabbata kindirmon daga madarar da aka tafasa aka yi shi.

Kan 'ya'yan itatuwan, ki bi lokaci, aljihu zai huta. Lemo ya fi araha da sanyin hunturu, mangwaro da bazara, gwaiba wajen ƙarshen damina, gwanda da ayaba da kankana kuwa kusan ba sa yankewa. In akwai mai zuwa kasuwar 'Yan Lemo, ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayo da ɗan yawa ku raba, ya fi sayen yanka-yanka a bakin titi, wanda ba ki san da ruwan da aka wanke wuƙar ba. Ga maigida, awon ya zama kamar cikin tafin hannunsa a zama ɗaya: ayaba matsakaiciya ɗaya, ko lemo ɗaya, ko rabin mangwaro babba. Gwaiba da gwanda da lemo sun fi sauƙin zaƙi, mangwaro da abarba da ayaba sun fi yawa. Dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne, biyu ko uku sun ishe shi. Kuma a ci ɗan itacen da tsokarsa, kada a matse a tace. Lemo uku da aka matse a kofi ana shanye su a minti ɗaya, zaren da ke rage gudun sugan ya tafi a rariya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ruwan 'ya'yan itace a sahun suga da zuma.

Na san za ki tambaya ko ƙwai kullum ba zai yi masa illa ba. Gwaiduwa tana da kitsen nan da ake kira kolestarol, kusan miligiram 186 a babban ƙwai. Ga yawancin masu lafiya, ƙwai ɗaya a rana ba matsala. Amma tunda sugansa ya hau kuma akwai teɓa, ki bar ƙwai biyun ya zama kwana uku ko huɗu a mako, sannan a tambayi likitansa, musamman in an taɓa ce masa kitsen jininsa ya yi yawa ko yana da hawan jini. Wannan ma ya yi daidai da aljihu, don in ku shida za ku ci ɗai-ɗai kullum, kiret ɗin 30 kwana biyar zai yi muku. Sauran kwanakin ki koma alale ko ƙosai da koko ko kunun gyaɗa, suga kaɗan ko babu. Wake abinci ne mai kyau ƙwarai ga irinsa. Abincinmu na gargajiya ba shi ne abokin gaba ba, abin da muke antaya masa ne. Ga yara kuma, ayaba biyu da ƙwai uku da garin alkama rabin kofi da ɗan madara za su cika musu tanda. Da damina in ƙwan zabi ya fito ya yi araha, yana yin duk abin da na kaza ke yi, sai dai ki sa uku a madadin biyu. Kowane iri ne, ki fasa shi a wani kofi daban kafin ki zuba a ƙulli, kuma wanda ya taso sama a kwanon ruwa ya tsufa, ki jefar.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ita ce ta fi girkin wuya. Ki lura, ba ta ce ɗanta ya ci gaba da shan suga ba. Cewa ta yi kada a bar shi da yunwa da abu mai sanyi, kuma da wainar nan mai zafi kin amsa mata ba tare da kin buɗe baki ba. Abin da ya rage shi ne labarin asibitin. Shin ta san abin da likita ya faɗa, da bakin ɗanta? Ina zargin ba ta sani ba, ko ta ji shi a bakinki a tsakiyar ƙorafi, inda ya zama kamar hujjar suruka. Wannan magana ba taki ba ce. Ki roƙi maigida ya shiga ɗakinta bayan sallar isha, ya zauna, ya ce mata an gwada shi an ga alamar ciwon Baba, likita ya ce in an kiyaye ba zai kama shi ba. Matar da ta ga abin da ciwon nan ya yi wa mijinta, in ta ji haka daga ɗanta, ina sa ran ita za ta riga ki ɓoye gwangwanin. Bayan nan ki je mata da tambaya, ba da bayani ba. Ki ce, Hajiya, me kuke ba su da safe a da, kafin shayi da burodi su cika gari? Za ki ji ɗumame, da fura da nono, da kunun tsamiya, da koko. Ki ɗauki ɗaya ko biyu ki sa a jerin kwanakin mako, ki ce wannan na Hajiya ne. Turararren ƙwan kuma ki fara kai mata ta ɗanɗana, ki tambaye ta ko citta ta ji. Wanda aka nemi shawararsa a kan abu ba ya saurin kushe shi.

Batun ƙwai da sata magana ce da da yawanmu muka taso muka ji. A ganina ta samo asali ne tun lokacin da ƙwai dukiya ne, ana barin kaza ta ƙyanƙyashe, ana tsoron yaro ya ɗanɗana ya riƙa bin akurki. Dabarar tsare kaji ce ta iyaye, ba ta da alaƙa da halin yaro. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a fara ba jariri dafaffen ƙwai tun daga wata shida, in ya fara cin abinci, saboda yana taimaka wa girma. Amma kada ki je ki ce wa Hajiya camfi take yi, ba za ki ci riba ba. Nan ma ɗanta ne zai ce, likita ya ce a riƙa ba su, kuma ni na sayo. In akwai ranar awo ko riga-kafi, ki gayyace ta ta raka ki, ki yi tambayar a gabanta, ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Ba na ba ki shawarar ki riƙa ba su a ɓoye. Ranar da ta gano, maganar ta tashi daga ƙwai ta koma ta amana, kuma yaran za su koyi cewa ana yi wa kaka ɓoye-ɓoye. Ki dafa musu shi ya nuna sosai, in kin ga ƙuraje ko kumburi ko amai bayan yaro ya ci ki tsaya ki kai shi asibiti, zuma kuma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba.

Shi maigida, ki daina ambaton mai shayi gaba ɗaya. Ya san kin sani. In kika tsare shi da maganar, zai kare kansa, daga nan kuma an shiga musu. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce masa kin ga karin da kike ba shi bai ishe shi ba, kin samo wani, ya gwada mako ɗaya ya faɗa miki gaskiya. Ki mayar da shayin tire, don raba shi da shayi ba zai yiwu ba kuma ba a buƙata. Sugan ne za a sauke a hankali: cokali uku wannan makon, biyu bayan mako biyu, har a kai ɗaya, kofi biyu kuma ya koma ɗaya. Ki dafa shayin da citta da kanumfari da na'a-na'a ya yi ƙarfi. Harshe yana sabawa, bayan 'yan makonni shi da kansa zai ji na da ya yi masa zaƙi da yawa. Ki bar cokalin a hannunsa, shi zai zuba. Mutum ne babba, jikinsa ne, kuma in ya ji ana gadinsa zai nemi inda ba mai gadi. Wainar Juma'a ma kada ki soke ta. Ya ci uku maimakon shida, da miyar taushe maimakon zuma, ko zumar ta zama ƙaramin cokali ɗaya.

In kuma ya ce shi wainar ayaba ba ta yi masa ba, don akwai mazan da ba sa haɗa ƙwai da zaƙi ko kusa, kada ki ɗauka an ƙi ki. Ki soya masa ƙwan da albasa da tumatir da attaruhu a ɗan mai, burodi yanka ɗaya ko biyu, ɗan itacen ya zo daga baya ya wanke baki. Manufar ta cika. In matsalar lokaci ce da gaske, ki zuba masa a kula ya ci a shago. Kuma ki sauke wa kanki wani nauyin: karin safe ɗaya ne cikin abin da yake ci. Lemon kwalbar da ake sha a kasuwa da rana, da malmalar tuwon dare, da zaman wuri ɗaya, duk suna cikin lissafi, kuma waɗannan ba a hannunki suke ba. Minti 150 ɗin da na ambata rabin awa ne sau biyar a mako. Ya sauka daga adaidaita tun kafin a iso layinku, ko ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, ya wadatar a fara.

Saura wata ɗaya ya koma asibiti. Ki nemi ya tafi da ke, ko aƙalla ki rubuta masa tambayoyi a takarda: ƙwai nawa ya dace da shi a mako, ko akwai buƙatar a gwada kitsen jininsa da hawan jini, da ko za a yi masa gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan wata uku. Ku auna nauyinsa yanzu ku rubuta, don a samu abin kwatantawa. In aka ɗora shi a kan magani, ku tambayi yadda zai haɗa shi da lokacin karyawa, domin wasu magungunan ba a shan su a fita da ciki wayam. Kafin ranar kuma, in kika ga yana yawan jin ƙishirwa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, yana ramewa ba dalili ko ganinsa yana dishi-dishi, kada ku jira wata ya cika, ku koma a makon. Ki gaishe min da Hajiya da yaran, ki kuma rubuto min yadda sakamakon ya fito.